Yadda ake dafa Pongal na Tamilawan Indiya, girkin da sai tukunya ta yi bori ake rangaɗa guɗa

Mu a nan in madara ko kunu ya yi bori ya zube a murhu ai faɗa ne zai biyo baya, ina hankalinki ya tafi, kin bar tukunya kin kama latsa waya. Toh a kudancin Indiya akwai rana guda a shekara da mutan gida kaf suke zagaye tukunya suna jiran ta yi borin, in ta zubo sai ihu da murna kaman an yi haihuwa. Ni da idona na gani a birnin Chennai lokacin da na raka Innata jinya muka yi wajen wata huɗu, muna haya a saman benen wata tsohuwa da kowa ke ce mata Paati, wato Kaka da yarensu na Tamil, a wurinta na koyi girkin nan kuma a wurinta na gane su kicin a wajensu kusan ɗakin ibada ne.

Sunan abincin Pongal, sunan bikin ma Pongal, kalmar daga tafasa har a tumbatsa ta samo asali. Bikin kaka ne na jihar Tamil Nadu, kwana 4 ake yi, babbar ranar ita ce 1 ga watansu na Thai wanda yake faɗowa 14 ga Janairu, wata shekarar 15. Sabuwar shinkafa ta shigo gida, rake ya nuna, sai a dafa na farko a gode ma rana da shanun noma, dan su Hindu rana abin bauta ce a wurinsu, Surya suke ce mata. Bari in faɗa tun yanzu kar wata ta ce na zo da sabon abu, ni Musulma ce, yanda suke yi nake ba ki labari, abun da za ki ɗauka ki kai kicin ɗinki shi ne girkin, kuma ba komai a cikinsa sai su shinkafa da madara da mazarƙwaila da man shanu. Ita kanta Paatin ta san da haka, namu daban ta dafa mana a ƙaramar tukunya a kan gas ba ta haɗa da wanda za ta miƙa ma rana ba, ban ma roƙe ta ba.

Mataki na 1, kayan haɗi

Da gwangwanin madara zan auna miki dan shi ne ma'aunin da kowa ke da shi. Shinkafar tuwo gwangwani 1, ɗanya ake so mai saurin narkewa, kar ki kawo 'yar gwamnati mai warara ba za ta yi ba ko kin kwana kina dafawa. Sai wani ƙaramin wake ɓararre mai ruwan ɗorawa da ake ce ma mung dal, kwatan gwangwani, ana samunsa a manyan kantuna masu saida kayan Indiya, in ba ki samu ba ki bar shi kawai, waken namu ƙarninsa ya yi yawa a abun zaƙi. Madarar shanu sabuwar tatsa gwangwani 2, ko ki dama ta gari, banda nono mai tsami. Ruwa gwangwani 4. Mazarƙwaila dakakkiya gwangwani 1 da rabi, in ba kya son zaƙi sosai 1 ya isa. Man shanu babban cokali 4, kashu kaman guda 15, zabibi ɗan cikin hannu, kadamon ƙwara 4 (wannan mai ƙanshin da Larabawa ke sawa a gahawa).

Wallahi ranar da Paati ta kwance takarda na ga abun da suke kira vellam sai da na yi dariya, mazarƙwailarmu ce sak, ruwan rake aka dafa ya daskare, har ɗan yashin da ke cikin tamu akwai a tasu.

Suna kuma sa wani kafur na ci ɗan mitsitsi kaman ƙwayar gero, shi ke ba abincin ƙanshin nan na wuraren bautarsu. Dan Allah kar ki ɗauko kafur ɗin cikin akwatin kaya ki ce shi ne, wannan guba ne. Ki tsallake shi gaba ɗaya.

Mataki na 2, tukunya da murhu

Sabuwar tukunyar ƙasa ake saya, ba a dafa Pongal ɗin biki a tsohuwa in dai gidan masu riƙo da al'ada ne, ko da yake a birni yanzu da yawa tukunyar tagulla suke ɗorawa a gas su huta. Jajibirin ranar shi ake kira Bhogi, ranar ne ake share gida tas a fito da tsofaffin tabarmi da tsummokara a ƙona da asuba, hayaƙin da ke tashi a Chennai ranar ba a magana, mu da muke da mara lafiya sai da muka rufe taga ruf. In sabuwar tukunya za ki sa, ki jiƙa ta a ruwa ta kwana, ki zuba mata ruwan wankin shinkafa ki ɗan tafasa a wuta kaɗan ki zubar, in ba haka ba ƙasa za ki ji a abincin ko ta tsage miki a kan wuta. Wannan dai iyayenmu ma sun sani.

Su sai su ɗaure wuyan tukunyar da ɗanyen kurkur harda ganyensa, wasu su haɗa da ɗanyar citta, a ɗiɗɗiga mata ja da fari a jiki kaman amarya. Murhun duwatsu uku ne irin namu, ko bulo uku, a tsakar gida ko ƙofar gida ko saman bene, dai inda rana za ta ga tukunyar tunda ita ake yi ma girkin. A gefe a jingina dogayen rake, nasu baƙi-baƙi ne mai kauri. Mai girki gabas take kallo. Ko a ginin gida ma masu bin tsarin da suke kira Vastu a kusurwar kudu maso gabas suke sa kicin, wai nan ne ɓangaren Agni, abin bautarsu na wuta, har dillalan gidaje suna tallar gida da haka.

Mataki na 3, wanka, da dokar da ta sa na ji kunya

Ba a kunna wuta sai an yi wanka an sa tufafi wankakku. Takalmi kuwa tun daga ƙofar gida ake cire shi balle kicin. Tsofaffi irin Paati suna da wani hali da suke kira madi, in ta yi wanka ta ɗaura zanen da ta wanke da hannunta ta shanya inda ba mai taɓawa, toh ba wanda zai goge ta har ta gama girki ta miƙa, jikanta ma in ya rugo zai rungume ta sai ta ja baya tana daka masa tsawa. Kinga kaman mutum ya yi alwala yana kaffa-kaffa da ita, haka na fassara ma kaina abun.

Babbar dokar ita ce ba a ɗanɗana abinci a kan wuta. Duk abun da ya taɓa baki ko yawu ya zama echil, Indiyawan arewa su ce jutha, kuma ba a miƙa ma abin bauta ragowar bakin mutum. Shi ya sa za ki ga suna shan ruwa su ɗaga kofi sama su tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba. Ni kuma 'yar gidan da ba a sauke miya sai an lasa, satin farko da ta bar ni na shiga kicin ɗinta tana koya min wata miyarsu ta tsamiya, ta juya ɗauko gishiri, ni ko na ɗebo a ludayi na kai baki na kurɓa na maida ludayin cikin tukunya hankalina kwance. Da ta juyo ta gani ba ta ce min uffan ba, ta dai dafe kai ta ce "ayyo", ta sauke tukunyar ta juye mana miyar gaba ɗaya a kwano ta ce mu hau da ita sama, ta wanke tukunya da ludayi ta sake ɗora wata daga farko, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ranar ji na yi kaman ƙasa ta tsage in shige. Inna kam tana kwance tana min dariya wai ai ga shi kin samo mana miyar kwana biyu.

Daga baya na tambaye ta toh ya take sanin gishiri ya ji, ta nuna min hancinta da yatsunta. Shekara da shekaru tana girki da ƙanshi da ido da awon hannu, kuma ban taɓa cin abincinta na ji gishiri ya zarce ba. Ke dai in kina naki ɗanɗana abinki, amma in Allah ya kai ki gidan Ba'indiye kar ki sa cokalin da kika ci da shi a kwanon kowa, kar ki miƙa ma wani abun da kika gutsura.

Sai dai gaskiya dokokin tsarkin nan ba duka ne abun sha'awa ba. Da su aka yi ɗaruruwan shekaru ana hana mutanen da ake kira Dalit, waɗanda ake ma kallon ƙasƙantattu tun daga haihuwa, shiga kicin ɗin wasu ko shan ruwa a kofi ɗaya da su, har sai da tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki a 1950 ya haramta wannan ƙyamar a sashe na 17, kuma har yau ba a ce ta mutu ba. A gidaje da yawa mace mai jinin al'ada ma ba ta shiga kicin sai ta yi kwana uku, 'yan matan yanzu suna ta rigima da iyayensu a kan haka. Mabiya addinin Sikh su kuma kicin ɗinsu na ciyar da jama'a kyauta da suke kira langar dan rusa wannan aka kafa shi tun zamanin Guru Nanak wanda ya kafa addinin, kowa ya zo ya zauna a ƙasa sahu ɗaya a ci tare, mai kuɗi da almajiri. Duk Indiya ce.

Mataki na 4, zanen ƙofar gida

Wannan ba na ciki ba ne amma su ba sa tsallake shi. Da asuba a yayyafa ruwa a ƙasa a zana kolam da garin shinkafa, ɗigo-ɗigo ne ake jerawa sai a bi da layi a zagaye su, na ranar Pongal harda hoton tukunya tana zuba da rake a gefe. Dalilin garin shinkafa wai tururuwa da tsuntsaye su samu nasu kafin mutum ya ci.

Mataki na 5, soya waken, wanke shinkafa

Yanzu girki. Ki sa mung dal a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan, kina juyawa kaman minti 3 zuwa 4 har ki ji ƙanshi ya tashi kaman na suyar gyaɗa, kar ki bari ya yi duhu. Ki haɗa da shinkafar ki wanke sau biyu ki jiƙa minti 20. Ruwan wanki na ƙarshe kar ki zubar, da yawansu da shi suke fara cika tukunyar, yana taimakawa wurin kumfa, sai ki lissafa shi cikin gwangwani 4 ɗin.

Tun yanzu ki sallami mazarƙwailar, ki zuba mata rabin gwangwanin ruwa a wata 'yar tukunya ki ɗora ta narke, ki tace da rariya mai laushi ko tsumma mai tsabta. Ki duba abun da zai rage a ƙasa za ki gode min.

Mataki na 6, borin

Ki zuba madara da ruwa a tukunyar ki hura wuta sosai, ba murfi. A nan ne kowa ke taruwa. Ranar muna saman bene wajen ƙarfe bakwai na safe, hayaƙin itace na shiga ido, ɗan Paati babban ma'aikaci da shi ya ɗaura farin zane yana durƙushe yana fifita wuta da murfin kwali, yara sun ƙura ma bakin tukunya ido ba mai motsi. Madarar ta fara 'yan ƙwayaye a gefe, ta yi yana, yanar ta kumbura ta taso a hankali kaman tana shawara, ni hannuna har ƙaiƙayi yake in zare itace dan abun da na saba kenan, Paati ta riƙe min wuyan hannu, ta manta ma da madin nata. Sai farar kumfa ta haura baki ta gangaro ta kan kurkur ɗin ta faɗa wuta ta yi cuuu, gidan ya ɗauka "Pongalo Pongal! Pongalo Pongal!", maƙwabta ma ta ko'ina kana jiyo nasu, wata mata 'yar ƙauyen wajen Madurai da ke taya Paati aiki ta sa harshe ta rangaɗa guɗa, guɗa fa irin tamu ta kai amarya, su kulavai suke ce mata. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Ma'anar ita ce arziki ya cika gidan har ya zuba a samu na ba wasu. Har gefen da ta fara zubowa suke dubawa, in gabas ne a ce shekara za ta yi kyau. Haka kuma in sun tare a sabon gida abu na farko da ake ɗorawa a murhu madara ce a bar ta ta yi bori.

Ke a gas ɗinki ba sai kin yi ɓarnar madara da tsadar nan ba, da ta taso ki rage wuta.

Mataki na 7, shinkafa sannan zaƙi, kar ki juya tsarin

Da ta yi borin sai a zuba shinkafa da waken. A gidan Paati babba ne ya fara ɗiban cikin hannu sau uku ya zuba sannan kowa ya sa nasa, harda ƙaramin jikan da sai da aka ɗaga shi. Ki rage wuta ki dinga juyawa da muciya akai-akai dan madara na kama gindin tukunya, minti 30 zuwa 40 a tukunyar ƙasa. In ruwa ya ƙafe ba ta narke ba ki ƙara ruwan zafi, banda na sanyi. So ake ta yi luguf, in kin matsa ƙwara da yatsa ta baje ba tsakiya, sai ki ɗan tuƙa ta kaman za ki yi tuwo mai ruwa-ruwa.

Sai a lokacin za ki zuba ruwan mazarƙwailar. Nan ne mutane ke ɓata girkin, ni ma na ɓata na farkon da na yi bayan mun dawo gida, na yi gaggawa na zuba shinkafa da sauran ƙarfinta, toh da zaƙi ya shiga shinkafa ba ta ƙara nuna, haka muka ci shi da tsatstsauran ƙwayoyi. Wata matsalar kuma in madara na nan tsululu ba ta shige cikin shinkafar ba mazarƙwaila tana iya tsinka ta. Ki juya sosai minti 5 zuwa 8 a wuta kaɗan, zai yi ta tsalle yana fallatsa ki yi hankali da hannunki, launinsa zai koma ruwan ƙasa mai sheƙi. Ki daka kadamon ki barbaɗa. Ki sauke da ɗan ruwa-ruwansa dan yana daɗa kauri in ya huce.

Mataki na 8, man shanu

Mu mun saba soya man shanu da albasa, toh wannan kar ki kusanto da shi nan, zai kashe miki girki, kuma su abincin da za a miƙa ba a sa masa albasa ko tafarnuwa sam, suna ganin suna tada sha'awa da zafin rai. Ki samu ɗanyen man shanu ki narka a wuta kaɗan har kumfar ta kwanta ƙarar ta yi shiru ya koma garai-garai kalar zinare, ki tace. Abun da ya ban mamaki, Paati in za ta sauke sai ta jefa ɗan ganyen zogale a ciki ya yi ƙaras-ƙaras, wai yana ƙara ƙanshi ya sa man ya daɗe, yara kuma su yi ta rububin ganyen. Zogale kam kusan kowane gida akwai, murungai suke ce masa.

Ki soya kashu a man ya yi ja kaɗan, ki jefa zabibi ya kumbura, ki juye duka harda man a kan pongal ɗin ki gauraya. Kar ki yi rowar mai, in ya yi kaɗan abun kamewa yake kaman tuwon jiya.

Mataki na 9, wa zai fara ci

Su ba mai taɓawa sai an shimfiɗa ganyen ayaba a gaban rana an zuba, an fasa kwakwa an jera ayaba da rake an kunna fitila. Bayan an miƙa sunansa ya koma prasadam, abinci mai albarka a wurinsu, sai a bi maƙwabta da masu aiki da mai kawo madara. Washegari ranar shanu ce, Mattu Pongal, a wanke su a shafa ma ƙahonsu fenti a rataya musu furanni a ba su nasu pongal ɗin su ci, a irin kwanakin ne ake wasan kama bijimi na Jallikattu a garuruwa irin su Alanganallur. A wasu gidajen mata su dunƙula ragowar shinkafa kala-kala su jera a ganyen kurkur su bar ma hankaki suna ma 'yan'uwansu maza addu'a. Rana ta huɗu ta zumunci ce, kowa ya fita gaida dangi, bakin tekun Marina na Chennai ba masaka tsinke.

A zaune a ƙasa ake ci, da hannun dama, da zafinsa. In kina son na gishiri wanda suke karyawa da shi kullum, ven pongal, shinkafa da waken ne dai ki dafa da ruwa zalla da gishiri, ki soya masoro ƙwaya-ƙwaya da kumin da ɗanyar citta da ganyen kori da kashu a man shanu ki juye a kai, shi Inna ta fi so lokacin da ba ta iya cin abu mai nauyi. Mai zaƙin kuma in ya kwana ya daskare ki yayyafa masa madara mai zafi ki ɗumama a wuta kaɗan zai dawo. In a ganyen ayaba aka zuba miki a gidansu, da kin gama ki naɗe ganyen ya kallo wajenki, kar ki tura shi gaba, wancan naɗin na gidan makoki ne.